DAN ALLAH KAR WANDA YA SAYI ƘARAMIN INJIN GEM MAI "WASANNI 400" A HANNUN MUTUMIN NAN

Jama'a na yi kwana biyu ina rubutawa ina gogewa saboda kunya, amma gara in faɗa kar ya samu wani. Guda uku na saya a hannun wani mai sayar da kaya ta intanet. UKU. Ba ɗaya ba ballantana in ce tsautsayi ne, uku na biya lokaci guda, kuɗin da na ɗauki wata biyu ina tarawa, kuma duk na tura kafin in ga komai da idona.

Irin ƙananan injin gem ɗin nan ne da ake yi kamar ƙaramin akwatin akeid na da, irin na gidan gem, mai sanda da maɓallai, wanda za ka ɗora kan tebur. Ɗaya nawa, biyu na yaran yayata. Kuma kafin wani ya fara cewa ai kai ma ka yi sakaci, ku tsaya ku ji. Ni ba yau na fara gem ba. Na san Pac-Man na 1980 ne, na san Galaga, na buga Metal Slug har yatsana ya yi kanta. Na tambayi mutumin nan tambayoyi sun fi goma. Na ce allon inci nawa ne, ya ce uku da rabi. Na ce ana haɗawa da talabijin, ya ce ƙwarai, da HDMI. Na ce turo min bidiyo, ya turo, ga Metal Slug na gudu sumul, ga sauti, ga hannun mutum na juya sanda. To me kuma zan yi? Ku faɗa min me ya rage ban yi ba.

Abin da ya kashe ni wata murya ce da ya turo da daddare. Har yanzu tana wayata, na saurare ta ya fi sau ashirin. Cewa ya yi, "Yallaɓai wallahi ni ba na cin haram, in ka buɗe ka ga ba haka ba ne ka dawo min da kayana, kuɗinka na nan." A hankali ya yi maganar, har da ɗan dariya, a bayansa ana jin kukan yaro. Kukan yaron nan ne ya sa na sake jiki, na ce wannan magidanci ne, ba zai yi ba. Sai ya ƙara da cewa in na ɗauki uku zai yafe min kuɗin aike amma sai na biya duka a daren. Na biya. Minti biyar ban yi ba na biya kuɗin ukun.

Af, na manta, kafin wannan ma na ce masa a bari sai kaya sun iso in biya rabi, ya ce an sha cutarsa a haka. SHI aka cuta wai. Har haƙuri na ba shi fa.

Kwana bakwai ya ce, kwana goma sha tara suka yi. Da na ɗaga kwalin na san da matsala, ba nauyi ko kaɗan, kamar kwalin wofi. Allon bai kai akwatin ashana biyu ba, kuma in ka ɗan karkata shi kalar ta wanke ba ka ganin komai. Ramin HDMI babu shi, wani ɗan rami ne na tsohuwar wayar haɗawa da talabijin mai kan rawaya. Sandar ba ta yin ƙas-ƙas ɗin nan na injin gaske, roba ce kawai a ƙasa, ka tura hagu mutumin cikin wasan ya tsaya yana kallonka. Ɗaya daga cikin ukun ko kunnuwa bai yi ba.

Sai wasanni 400 ɗin. Na zauna da biro da takarda kamar mahaukaci na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe biyun dare. Talatin da wani abu ne na gaske, sauran duk maimaici. Wasan tanka ɗaya na gan shi sau tara, an canja masa suna, an canja kalar ƙasa, wani an fara shi daga mataki na biyar an ce sabon wasa ne. Metal Slug kuwa ko sunansa babu a jerin. 400 fa ya ce. A kwalin ma 400 aka buga da manyan baƙi.

Wanda bai kunnu ba na kwance shi da sukurudireba na kai wa abokina mai gyaran lantarki. Ciki fili ne fetal, ɗan allon lantarki ƙarami da wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta. Yana gani ya fashe da dariya, ya ce wannan kwafin Famicom ne, injin da Nintendo ta fitar a Japan tun 1983, an matse shi cikin guntu ɗaya. Bit 8 ne, wato tsohuwar fasaha mai ƙarancin ƙarfi, ko za a kwana ana danna shi ba zai ɗauki Metal Slug na 1996 ba. Na nuna masa bidiyon, ya tsayar ya zuƙo hoton, ya ce ai wannan Neo Geo Mini ne na SNK, na 2018, an dai rufe tambarin da yatsa. Kuma shi na gasken wasanni 40 ne a cikinsa. Arba'in. Kamfanin da ya mallaki wasannin ya sa 40, wani can ya ce min 400 a araha na yarda. Wannan ne ke hana ni barci, don na san wannan lissafin, wallahi na sani, muryar ce kawai ta rufe min ido.

Da na yi masa magana farko cewa ya yi yaransa ne suka yi kuskuren kaya, zai canja. Washegari ya ce in ƙara kuɗin aike. Na ce wane aike, ba kai ka ce kuɗina na nan ba? Ya karanta bai amsa ba. Ko a'a, ya amsa, ya turo hannun addu'a, bayan nan ne ya toshe ni. Ranar Talata ko Laraba, zan duba.

Yaran yayata kuma na riga na cika musu baki, ƙaramin ya buga minti goma ya ajiye ya ce Kawu a ba shi waya.

Kar ku biya kafin ku gani, in an ce ɗaruruwan wasanni a araha maimaici ne, ku ce ya rubuta sunanku a takarda ya ajiye gefen injin yana kunne. Sikirinshot na hirar da rasit da muryar duk suna nan, zan sa su anjima in na rufe lambobin. Jiya na gan shi da sabon suna da sabon hoto, bidiyon dai shi ne, yatsan ma na nan a kan tambarin, yanzu kuma 500 ya rubuta.