Wasiƙa daga Birmingham: mota da arha, riƙonta da tsada

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara baki ɗaya.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa a majalisarku, wai a Ingila mota ta hannu kamar kyauta ake ba da ita. Akwai gaskiya a ciki. Da albashin wata ɗaya ko biyu na mai aikin kula da tsofaffi irina, mutum zai sayi motar da za ta kai shi aiki ta dawo da shi lafiya. Sai dai a nan kuɗin saye shi ne ƙaramin abu. A gida motar ce da tsada, bakanike da arha, a nan kuwa akasin haka ne, kuma wannan bambancin shi ke yanke wa mutum irin motar da ya kamata ya nema.

Inshora ce ke fara kayar da baƙo. A Najeriya Naira 15,000 ake biya a shekara tun daga Janairun 2023, da yawa ma takardar kawai suke karɓa don nuna wa jami'an hanya. A nan kyamarori ne ke karanta lambar mota suna duba ta a rumbun bayanai. Wanda aka kama babu inshora tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a lasisinsa, kuma 'yan sanda suna iya ɗauke motar nan take. Kamfanonin ba su san shekarun da ka yi kana tuƙi tsakanin Kano da Kaduna ba, a wurinsu sabon direba ne kai. Suna duba girman injin, da unguwar da kake kwana, da sana'arka, har da inda motar ke kwana da dare. Ni dai inshorar shekarata ta farko ta kusa kamo kuɗin motar kanta. Shi ya sa duk wanda ya zo yana son BMW ko Marsandi tsohuwa don ya ga farashinta ya faɗi, nake roƙonsa ya fara saka lambarta a shafukan kwatanta inshora kafin ya je ko kallonta. Sai an shekara ba a yi haɗari ba sannan kuɗin ke fara sauka.

Lasisin gida kuma wata 12 kawai yake aiki daga ranar da mutum ya zama mazauni. Bayan nan sai jarrabawar kwamfuta da ta kan titi. Wanda ya ci da mota otomatik, ba shi da izinin tuƙa mai giyar hannu, alhali masu giyar hannun su ne suka fi yawa da arha a kasuwar tsofaffin motoci.

Abin da ya fi burge ni, wanda nake fatan mu samu a gida, shi ne gwajin da suke kira MOT. Duk motar da ta cika shekara 3 dole a kai ta gareji mai izini sau ɗaya a shekara, a duba burki, taya, fitilu, sitiyari, hayaƙi da ƙarfen ƙasa. Doka ta hana a karɓi fiye da fam 54.85 a kan gwajin. Sakamakon yana shiga shafin gwamnati, kuma kowa yana iya dubawa kyauta, lambar motar kawai zai rubuta. Nan za ka ga mil nawa ta ci a kowace shekara, wace shekara ta faɗi, da me ta faɗi, da ƙananan matsalolin da aka gargaɗi mai ita a kai. Kamar dai yadda kake buɗe bakin rago a kasuwar Wudil ka duba haƙori, ba ka tsaya jin rantsuwar dillali ba.

Na ga amfanin wannan da idona. Wani ɗan uwa ɗan Zinder da muke aiki tare ya ga wata mota a Facebook, fenti na ƙyalli, mai ita ya rubuta cewa mil dubu 70 da 'yan kai ta yi. Muna zaune a ɗakin cin abinci muka saka lambar a waya. Shekara uku baya an rubuta mata mil sama da dubu 110. An mayar da mitar baya ke nan. Ko kiran mutumin ba mu yi ba. Wata kuma mil ɗinta daidai yake, amma shekara uku a jere ana rubuta cewa tsatsa ta kama ƙarfen ƙasa ta baya, ba a taɓa gyarawa ba. Tsatsa ita ce cutar motocin ƙasar nan, saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi don kada ƙanƙara ta daskare. Mu a arewa rana da ƙura da ramuka ne ke cinye mota, shokozoba da lagireto su ke shan wahala. A nan bodi zai yi kyau ta sama, ƙasan ya ruɓe. Duk motar da za ka saya sai ka durƙusa da tocilan ka leƙa.

Akwai wani binciken na biyu da ake biya 'yan fam kaɗan. Shi ke nuna ko motar sata ce, ko akwai bashin banki a kanta (idan akwai, kamfanin bashin na iya zuwa ya karɓe ta a hannunka), ko inshora ta taɓa yanke cewa ta lalace a haɗari. A cikin irin waɗannan da suka yi haɗari, masu alamar N ɓarnar ba ta taɓa ƙashin motar ba, masu alamar S ta taɓa. Ana sayar da su da rahusa, amma ni ba na shawartar mai ƙaramin ƙarfi ya shiga. Takardar rajista kuma V5C sunanta. A je gidan da adireshinsa ke jikin takardar, a gwada lambar shasi da ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke rubuce. Wanda ya ce ku haɗu a gidan mai ko filin ajiye motoci na kanti, a bar masa kayarsa. Ko lambar motar ma tana faɗin shekarunta: 12 a tsakiya na nufin an yi mata rajista tsakanin Maris da Agustan 2012, 62 kuma daga Satumban 2012 zuwa Fabrairun 2013.

To wace iri? Ni Honda Jazz na saya, mai fetur, giyar hannu. Da ita da Toyota Yaris da Auris, wadda a da ake haɗawa a Burnaston kusa da Derby, su ne na ga mutanenmu sun fi jin daɗinsu. Injin ƙarami, ba su shan mai, kayan gyara ko'ina, inshora da sauƙi. Na san a gida za a ce motar mata ce ko ta koyon tuƙi. A nan likita yana fitowa daga Yaris ba wanda ya kalle shi sau biyu, kuma wannan ya sauke mini wani nauyi da ban san ina ɗauke da shi ba.

Mai dizal kuwa a guje ta, in dai zirga-zirgar cikin gari ce. Tana da matatar hayaƙi a salansa wadda ba ta wanke kanta sai an yi doguwar tafiya da gudu, in ta toshe gyaran ya isa ya ci rabin kuɗin motar. Ga kuma harajin gurɓata iska. Tun Yunin 2021 tsakiyar Birmingham fam 8 ne a rana ga motar da ba ta cika ƙa'ida ba, Landan kuma fam 12.50, kuma tun Agustan 2023 ya game dukkan unguwanninta. Mai fetur daga wajen 2006 zuwa sama yawanci ta tsira, mai dizal sai ta ƙarshen 2015 zuwa sama. Shi ya sa za ka ga manyan motocin dizal na 2010 ana neman kai da su.

Inda gida ya fi nan nesa ba kusa ba shi ne wajen gyara. Ina kewar kanikawanmu, Yaya. A Ƙofar Ruwa za ka samu kayan kowace mota, yaro ya hau babur ya kawo, maigida ya kwance abu ya wanke ya ɗaura, mai walda na gefe, mai waya na gefe, kafin la'asar ka tafi. A nan da awa ake biyan bakanike, sai ka nemi rana tukuna, kuma ba ya gyara abu, cirewa yake ya saka sabo. Kulocin da za a canza a Kano cikin yini ba tare da an ji a jiki ba, a nan shi ke sa mutum ya kira masu kwasar ƙarafa su ɗauke motar gaba ɗaya. Yawancin motocin da ake zubarwa a ƙasar nan lafiyarsu ƙalau a idon bakaniken gida. Saboda haka tarihin sabis ya fi komai daraja: littafin da gareji ke buga wa hatimi duk juyen baƙin mai, da rasit ɗin canza bel ɗin injin idan motar mai bel ce. Motar da ta yi mil da yawa da cikakken tarihi ta fi mini mai mil kaɗan da babu takarda ko ɗaya.

Saye a wurin dila mai rajista ya fi tsada kaɗan, amma dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da motar a ba ka kuɗinka idan ta fito da babbar matsala. A hannun mutum kai tsaye babu wannan kariyar. Ba la'ada, ba 'yan tsakiya uku ko huɗu, ciniki ma kaɗan ake yi. Harajin hanya kuma ba ya bin mota, sai sabon mai ita ya biya nasa kafin ya tayar da ita.

Maganar in turo maka ɗaya ta jirgin ruwa, ka yi haƙuri da ita. Sitiyarin motocin nan a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma hukuma ba ta yarda da masu sitiyarin dama ba. Juya sitiyari da ake yi a wasu garejin ba abin da zan so ka ɗauki iyali a ciki ba ne. Ka nemi 'yar Beljiyom ko 'yar Amurka a can gida. Idan 'yar Amurka ce, kafin ka ba da ko sisi ka ɗauki hoton lambar shasin, haruffa da lambobi 17 ne, ka turo mini ta WhatsApp. Akwai kamfanonin da ke ajiye tarihin motocin can, zan biya in duba mana ko ta taɓa haɗari ko ambaliya ta taɓa shanye ta, da mil ɗinta na gaskiya. Sannan ka tafi da bakanikenka, kada ka yarda da wanda dillali ya kawo.

A gaishe mini da Hajiya da kyau, a ce mata maganin ƙafar yana hanya. Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninka.