Katin laburaren unguwarmu a Landan: tauraro huɗu na ba shi, ga dalili

Shekara biyu kenan da na yanki katin laburaren unguwarmu a nan Landan, kuma tunda wani ƙanina da ya sauka kwanan nan ya dame ni da tambayar wai yana da amfani ko ɓata lokaci ne, na ce bari kawai in rubuta kowa ya gani.

Ni fa ba karatu ya kai ni ba ranar farko, ruwan sama na shiga fakewa. Baiwar Allahn da ke kan tebur ta tambaye ni ko ina da wata takarda mai adireshina, na lalubo wasiƙar kuɗin wuta a jaka, ko minti goma ba a yi ba ta miƙo min kati. Na tsaya ƙerere ina jiran ta faɗi nawa zan biya, ita kuma tana kallona tana jiran in matsa na bayana ya zo. Ashe doka ce, tun 1964 aka ɗora wa ƙananan hukumomi a Ingila su samar da laburare, kuma aron littafi ko sisi ba a karɓa.

Abin da ya fi burge ni ma ba ginin ba ne, manhajar Libby ce da ake haɗawa da lambar katin. Kana cikin bas da asuba za ka tafi aiki, ka ari littafin saurare a waya, idan wa'adi ya cika shi da kansa yake komawa, babu zancen tara balle jin kunya. Akwai kuma PressReader mai jaridun ƙasashe barkatai. Kwamfuta da intanet kyauta, ga ɗumi lokacin hunturu, wanda duk ya taɓa biyan kuɗin gas a ƙasar nan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yara kuwa ranar Asabar sai na yi da gaske nake ɓamɓaro su daga sashensu.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Akwai wata kanta can ta baya ta littattafan harsunan baƙi, na bi ta da yatsa ɗaya bayan ɗaya: Urdu, Bangali, Larabci, Turkanci, Somaliyanci, harshen Folan, har na kai ƙarshe na sake dawowa ko idona ne ya tsallake. Hausa ko ƙyalle babu. Da na yi magana sai aka ba ni fom in rubuta sunan littafin da nake so, cikin mutunci wallahi, babu wulaƙanci, amma dai babu ɗin ne. Idan rubutun Hausa kake nema da gaske sai ka nufi laburaren jami'ar SOAS ko British Library da ke St Pancras, a British Library ɗin ma katin shiga ɗakin karatu kyauta ne, sai dai ba a fita da littafi, a nan za ka zauna ka karanta, kuma fensir kawai ake shiga da shi ban da biro. Wa ke da wannan lokacin bayan aikin dare?

Wannan magana ce muke yawan tafka musu a kanta a wajen aiki lokacin hutu, don kusan dukkanmu baƙi ne. Wata abokiyar aikina 'yar Folan kullum ƙorafinta ɗaya, wai a ƙasarsu zuwa gidan wasan kwaikwayo abu ne da mai ƙaramin albashi ke yi ba tare da dogon lissafi ba, a nan kuwa tikitin gidajen wasan unguwar West End sai ka yi shawara da aljihunka sau uku. Wani kuma ya ce shi a ƙasarsu bai taɓa taka gidan tarihi ba sai da ya zo nan, don haka kada a gaya masa komai. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Ni abin da na lura shi ne a gida ba ka zuwa neman al'ada, ita ke samunka, tana bakin mutane tana rediyo tana hirar dare, cikin harshen da kake mafarki da shi, ba ta da lokacin buɗewa da rufewa. A nan an tattara ta an jera an sa mata lamba, ƙofa a buɗe ga kowa, amma yawancinta ta wasu ce, kai ɗan kallo ne.

Kuma ko taka ɗin wani lokaci a bayan gilashi za ka same ta. Manyan gidajen tarihi na ƙasa kyauta ake shiga tun Disambar 2001, shi ya sa na kwashi yara muka je British Museum, muka gangara ƙasa ɗaki na 25 na kayan Afirka, ga tagullan Benin nan da sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897 an jera su reras. Babbar 'yata ta karanta ɗan rubutun da ke gefe ta ɗago ta ce, “Baba, to su masu kayan sai sun yanki biza kafin su gani?” Na ce mata mu je gaba, Mama, ana jira a bayanmu. Gidan tarihi na Horniman da ke nan Landan dai ya mayar wa Najeriya mallakar irin waɗannan kaya 72 a 2022.

Wani abin da ke rage armashi shi ne awoyin buɗewar laburaren, namu Lahadi a kulle yake, wasu ranakun kuma rabin wuni. Ba su kaɗai ba ne, matsin kasafi ya sa an rufe laburare kusan 800 a Birtaniya tsakanin 2010 da 2019, wasu kuma 'yan sa kai ke riƙe da su yanzu.

Shi ya sa na ce huɗu cikin biyar. Ƙanina, ka ɗauki wasiƙa mai adireshinka ka je ka yanka, ka yankar wa iyali ma, kuma ka sa Libby a waya tun a wurin su nuna maka yadda ake shiga. In an ba ka fom ɗin nan na neman littafi ka cike da na Hausa, ni uku na cike, naka zai zama na huɗu.