Hattara da masu tallar bututun tace ruwa na bogi

Jama'a, a yi hattara da wata talla da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Za ka ga saurayi ya durƙusa a bakin kududdufi, ruwa ja-wur ko kore shar, ya tsoma wani bututun roba mai tsawon kamu guda, ya zuƙa, ya furzar a kofin gilas, ruwa ya fito garai-garai. Ya ɗaga kofin ya kwankwaɗe, ya ce gani ya kori ji. A ƙarƙashin bidiyon an jera alkawura: yana kashe kowace irin cuta, yana cire guba, yana mayar da ruwan gishiri ruwan daɗi, an kuma yi ragin rabin kuɗi daga yau zuwa gobe, saura 'yan kaɗan. Sun san waɗanda suke nema. Direbobin manyan motoci ne da ke kwana a hanya, da makiyaya, da masu tafiya haƙar zinariya, da 'yan ci-ranin da ke bin Agadas zuwa Libiya, da matasan da suka soma sha'awar hawan duwatsun Shere a Jos ko tsaunukan Mambila. Mutane ne da, idan ciki ya ɓaci, asibiti ke nesa da su.

Abin da ya sa tallar ke kama mutane shi ne, irin wannan bututu akwai na gaskiya, kuma tarihinsa ya ratsa ta ƙauyukanmu. Manya ba su manta da kurkunu ba. A 1988 an ƙidaya mutane sama da 650,000 da suka kamu da shi a Najeriya, kuma cikin makaman da aka yaƙe shi da su akwai ƙyallen tace ruwa da wani ɗan bututu da makiyaya da manoma ke ratayawa a wuya. Cibiyar Carter, wata ƙungiyar agaji ta Amurka, ita ce ta nemi kamfanin Vestergaard ya ƙera mata matacin da zai tare ƙananan ƙwarin ruwa masu ɗauke da tsutsar. Daga wannan aiki kamfanin ya fitar da bututun tace ruwa mai suna LifeStraw a 2005. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu. Saboda haka in aka nuna wa dattijo bututu aka ce yana tace ruwa, ba zai yi gardama ba, ya taɓa ganin ya yi aiki. Wannan yardar ce 'yan damfara ke ci da ita.

To amma me na gaskiyar yake yi? A cikinsa akwai wasu siraran zaruruwa farare masu rami a tsakiya, jikinsu cike da ƙofofin da ido ba ya gani. Na LifeStraw faɗin ƙofarsa maikiron 0.2 ne, na wani irinsa mai suna Sawyer Mini kuwa 0.1. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Bakteriyar kwalara da ta taifod sun fi ƙofar girma, sai su maƙale, haka ma ƙwayoyin atuni da ƙwan tsutsar ciki. Ba kashe su yake yi ba, tare su yake yi. Ƙwayoyin bairos kuwa sun yi ƙanƙanta ƙwarai. Masu kawo ciwon hanta nau'in A da nau'in E ba su wuce kusan maikiron 0.03 ba, suna wucewa salin-alin, kamar yadda rariya ke tare tsaki ta bar gari ya zube. Kamfanonin gaskiya ba su ɓoye wannan ba, sun faɗa da bakinsu cewa ƙaramin bututunsu ba ya cire bairos, ba ya cire gishiri. Kuma ciwon hanta nau'in E ba labarin wata duniya ba ne. A 2017 ya ɓarke a jihar Diffa ta Nijar da kuma Ngala a jihar Borno, ta hanyar gurɓataccen ruwa, kuma mata masu juna biyu ya fi yi wa kisa. Saboda haka duk mai tallar da ya ce maka ɗan bututunsa na maganin "kowace irin cuta", ya faɗi abin da mai asalin kayan ma bai faɗa ba.

Masu damfarar ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda ba su da kaya ko ɗaya. Bidiyon ma na wasu ne suka kwaso daga intanet suka ɗora muryar Hausa a kai. Ka tura kuɗi, su ce ka ƙara na mota, ka ƙara, su ce direba ya taso, washegari lamba ta daina shiga. Waɗannan a wajena su ne masu sauƙin, domin kuɗinka kawai suka ci.

Waɗanda suka fi haɗari su ne masu aiko maka da kayan. Kwali mai kyau, hoton dutse da ƙorama, sunan da aka sauya wa harafi ɗaya don ya yi kama da na sanannen kamfani. In aka fasa ciki sai a tarar da guntun soso, ko auduga da ɗan garin gawayi. Wani ma har da zaruruwan, amma an manna bakinsu da gam na banza, ruwa na bi ta gefe. Soso zai tare laka, ruwa ya yi haske, shi ke nan an gama da kai. Ruwa mai haske kuma yana iya ɗauke da kwalarar da za ta kwantar da gida guda, ba launi, ba wari, ba ɗanɗano.

Sai kuma masu wasan kwaikwayo, waɗanda ake gani a tasha da bakin kasuwa, wani lokaci har ofis-ofis suke bi da jaka. Wasansu ya cancanci a tsaya a kansa, don ya rikita masu boko ma. Za su fito da wata na'ura mai sanduna huɗu na ƙarfe, su ajiye kofi biyu. Ɗaya su ce ka zuba ruwan da kake sha, na rijiyar burtsatse ne ko na leda. Ɗayan su zuba nasu, wai wanda matacinsu ya tace. Su jona wuta. Kafin minti biyu naka ya koma ja, ya yi kore, ya yi baƙi, wani kumfa mai ƙyama ya taso a kai. Nasu kuwa ko gezau. Sai mai tallar ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ka ga abin da kake ɗura wa iyalinka. Wannan shi ke kashe ƙoda."

Dattin nan ba daga ruwanka ya fito ba. A kowane kofi sanda ɗaya ta baƙin ƙarfe ce, ɗaya ta alminiyam. Ruwan sha na yau da kullum yana da ma'adinai narkakku, irin su kalsiyam, su ne ke ba wa lantarki hanyar wucewa. Lantarki na wucewa sai sandar ƙarfen ta soma narkewa, tsatsarta ce kake gani tana yawo a kofi. Ruwan da suka zo da shi kuwa an riga an cire masa ma'adinai gaba ɗaya, irin wanda ake zuba wa batirin mota, lantarki ba ya bin sa, don haka sanda ba ta narke ba. In kana so ka tashi wasan, ka ce a bar ka ka jefa ɗan gishiri a kofinsu sannan a sake jonawa. Nasu ma zai yi baƙi. Ko ka ce a tace naka ruwan da bututun a gabanka, a gwada shi. Ma'adinan suna nan daram bayan tacewa, zai yi baƙi kamar na farko. A nan ne za ka ji an ce wuta ba ta da ƙarfi, ko ana sauri za a wuce wani wuri.

Akwai kuma ɗan abin aunawa mai kama da biro da suke tsomawa, lamba ta fito, su ce yawan cutar da ke ruwan ke nan. Ma'adinai narkakku yake aunawa, bai san bakteriya ba ko kaɗan. Haka wasan zuba lemon kwalba ko ruwan bula a ga ya fito fari: aikin gawayi ne, yana kama launi da wari, ba ya tabbatar da komai game da cuta.

Maganar gishiri ita ce ƙaryar da na fi jin tsoronta, saboda masu ratsa hamada. Raba gishiri da ruwan teku sai da matsi mai tsanani, ya ninka iskar tayar ƙaramar mota fiye da sau ashirin, shi ya sa ake yin sa da manyan injuna. Bakin ɗan Adam ba zai iya ba. Wanda ya rage jarkar ruwa a Agadas ko Dirku, ya dogara da cewa zai zuƙi ruwan zartsi a hanya, ya sa ransa a caca. Haka abin yake ga guba narkakkiya. Waɗanda ke aiki a wuraren haƙar zinariya su tuna da gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum. Kududdufin da ake wanke dutse a cikinsa, ko wanda maganin feshi ke gangarowa cikinsa daga gona, ba bututun da zai mai da shi abin sha. Mutanen Tibiri ta jihar Maradi sun san wani abin kuma: ruwan famfo ne mai haske tas, amma sinadarin fuloraid ya yi masa yawa, ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa kafin a farga.

Ɓarnar bututun bogi ta wuce kuɗin da aka biya. Direban da a da zai haƙura da ƙishi har ya kai gari ya sayi ruwan leda, ko ya sa yaron mota ya tafasa, yanzu zai tsaya a kowane tafki ya sha da ƙwarin gwiwa, har ya miƙa wa na kusa da shi. Da ba shi da komai a hannu da ya fi tsira, don tsoro zai kare shi.

Wanda duk da haka yake son saye, kuma yana da amfani ga matafiyi in an sami na kirki, to ya yi tambaya. Wane kamfani ya ƙera shi, a wace ƙasa, kuma ana samun sa a shafin kamfanin? Nawa ne faɗin ƙofarsa? In ba a rubuta lamba ba, ko mai sayarwa ya soma kame-kame, a ajiye masa kayansa. Lita nawa yake tacewa kafin ya mutu? LifeStraw na mutum ɗaya lita 4,000 kamfanin ya ce, kuma idan ya cika sai ya toshe, ruwa ya daina wucewa. Wanda aka ce maka ba ya ƙarewa har abada, ba ya kuma bukatar wanki, ba ya tare komai ke nan. Na gaskiya yana da ɗan nauyin zuƙa, musamman da farko. In ruwa ya taho da gudu ba wata turjiya, akwai magana.

A lura da tambarin da suke bugawa a kwali. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin gwajin kayan tsaftace ruwan gida tun 2014, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta gwada da sakamakonsu, kowa na iya dubawa. Buga tambarinta a kwali ba shaida ba ce, kowane mai injin ɗab'i zai iya. Wasu kuma za su rubuta NSF 42, wata lambar shaidar gwajin matacin ruwa, don su burge ka, alhali wannan lambar ta ɗanɗano ce da wari da rage kulorin, ba ta cuta ba. Farashi ma yana magana: duba nawa ake sayar da shi a shafin kamfanin, ka juya shi zuwa naira ko sefa. Wanda ya kawo maka shi a kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuɗin, bayan ya biya jirgi da kwastan, ba sadaka yake yi ba. Kada kuma a tura kuɗi asusun wani mutum can kafin a ga kaya a hannu.

A hanya kuwa, tsohuwar dabara ba ta tsufa ba. In ruwa na da laka, a bar shi ya kwanta, ko a sa alam ko dakakken ƙwallon zogale, a tace da ƙyalle mai tsabta. Wannan share fage ne kawai, bai kashe cuta ba. Sai a tafasa, ya yi minti guda yana tafarfasa sosai, wannan na gamawa da bakteriya da bairos duka. In ba halin hura wuta, akwai ƙwayar Aquatabs ko ruwan WaterGuard, masu ɗauke da sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, a bi ma'aunin da ke jikinsu, a jira minti 30. In ba ko ɗaya, gorar roba fara mai haske da aka cika da ruwa marar laka aka kwantar a rana tsawon awa 6 tana rage cuta sosai. Mai bututu na gaskiya ma, in ruwan na kusa da gari ne ko sansani inda bahaya ke iya shiga, gara ya sa kulorin tukuna sannan ya zuƙa. Kuma bututu ba ya hana tsargiya, ita ta fata take shiga idan an tsunduma cikin ruwan.

Wanda aka riga aka cuta, ya adana hoton tallar da lambar asusun da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ko wurin 'yan sanda. Ya kuma faɗa wa 'yan ƙungiyarsu a tasha ko a ruga, don su mutanen nan unguwa-unguwa suke bi. Wanda kuma ya riga ya sha ruwan tafki da irin wannan bututu, in ya ga gudawa kamar ruwan shinkafa, ya soma shan ruwan gishiri da sukari tun a hanya: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a nufi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba. In kuma idanu suka yi rawaya bayan wasu makonni, musamman ga mace mai ciki, a gaya wa likita irin ruwan da aka sha da inda aka sha shi.