Hollow Knight: wata uku ina ɓacewa a ƙarƙashin ƙasa daga ɗakina a Nima

Wani kwastoma ne ya jawo mini wannan aiki. Ya kawo wayarsa rumfata a Sakul, cikin birnin Accra, in canza masa gilashi, yana jira yana ta zuba mini labarin wani gem na ƙwari, wai dala 15 kacal, wai ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa. Na ce masa ni ban wuce ƙwallo ba. Ya ce in dai gwada. Da katin bankin wani abokina na saya a Steam, kasuwar gem ta intanet, na tura masa kuɗinsa ta MoMo, wato ta waya, na nemi hannun buga gem na kwance a wajen maƙwabcin rumfata, na koma gida Nima. Yau wata uku ke nan, kusan kullum bayan isha'i sai na ba shi awa ɗaya, ranar Lahadi kuma abin da ya sawwaƙa.

Sunansa Hollow Knight. Wani ɗan ƙaramin kamfani ne mai suna Team Cherry ya yi shi a birnin Adelaide na ƙasar Ostareliya. Ari Gibson da William Pellen ne suka faro shi, suka nemi gudummawar jama'a a shafin tara kuɗi na Kickstarter a 2014, ya fito a Fabrairun 2017. Zanen hannu ne, daga gefe kake kallon komai kamar gem ɗin da muka buga muna yara. Kai ɗan ƙwaro ne mai farar fuska da ƙaho biyu, makaminka ƙusa. Za ka iso wani ƙauye da ya kusa zama kufai, Dirtmouth, ka tarar da tsoho ɗaya a tsaye, sai rijiya. Ka faɗa rijiyar, a ƙasanta akwai rusasshiyar daular Hallownest. Iyakar bayanin da za a yi maka ke nan. Masu harkar suna kiran irin wannan wasa Metroidvania, daga Metroid na 1986 da wani Castlevania na 1997: duniya ɗaya ce a haɗe, ƙofofinta a rufe, sai ka samo wata dabara a can nesa sannan ka dawo ka buɗe wadda ka wuce tun jiya.

Abin da ya kama ni tun farko shi ne yadda suka yi da taswira. Duk sabuwar unguwar da ka shiga, ba ka da taswirarta sam. Kana tafe a makance har sai ka fara ganin takardu a warwatse a ƙasa, ka ji wani yana ɗan rera waƙa ta hanci daga nesa. Cornifer ne, mai zanen taswira. Ka bi muryar har ka same shi a tsugune, ya sayar maka da abin da ya zana, wanda ko rabi bai kai ba. Sauran kai za ka cike, bayan ka sayi alƙalami wajen matarsa Iselda a Dirtmouth kan Geo 120, kuɗin ƙasar ke nan. Kuma ko kana da alƙalamin, ba za a zana maka inda ka taka ba sai ka zauna a benci ka huta.

Duk wanda ya taso a Nima ya san wannan karatu. Baƙo in ya bar babban titi ya shiga lungu, waya ba ta yi masa amfani. Sai dai ya riƙe alama: ga mai koko a kwana, ga famfon da mata suke layi, ga ɗan masallaci mai koren fenti, daga nan sai ka ji ƙarar injin niƙa. Haka na koyi Hallownest. Na san ɗakin da ke da mutum-mutumi, na san ramin da ƙwaro mai tofa ruwa mai launin lemo yake jira. Ranar da na yi minti ashirin a Fungal Wastes, rai ɗaya ya rage mini, aljihu cike da kuɗi, sai na ji wannan 'yar waƙar ta Cornifer ta gefen hagu, wallahi sai da na sauke ajiyar zuciya kamar na ji muryar ɗan'uwa a tashar da ban san kowa ba. Gem ɗin da yake ɗora maka kibiya a kai yana cewa bi nan, ba zai taɓa ba ka wannan ba.

Akwai abin da na yi ta zagi a satin farko na dawo na janye. Ko kana da taswira, ba ta nuna inda kake tsaye sai ka sayi wata laya ta Geo 220 ka ɗaura. Gurbin laya uku kawai kake da su a farko, ita ta cinye ɗaya, wanda da ka sa layar faɗa a ciki. Na ce wannan ai mugunta ce. Bayan wata guda da kaina na cire ta, don hanyoyin sun zauna mini a kai. Amma ban yafe musu Fog Canyon ba. Can sun ajiye Cornifer a bayan wani shinge da ba ka iya wucewa sai wasa ya yi nisa sosai, alhali wurin cike yake da wasu halittu masu fashewa, kuma hanya ce da za ka yi ta bi.

Faɗan kansa ba shi da maɓallai da yawa: tsalle, sara, sai zillo da za ka samu bayan ka kayar da wata mayaƙiya mai suna Hornet a unguwar Greenpath. Daɗinsa yana wajen jinya. Rai biyar kake farawa da su, kuma babu kwalbar magani. Duk saran da ka yi wa abokin gaba yana tara maka wani farin ruwa, da shi za ka warkar da kanka, amma sai ka tsaya cik na ɗan lokaci ba motsi. Wato matsoraci ba ya warkewa, dole ka matsa ka kai sara, mai gaggawa kuma a tsakiyar jinyar za a buge shi.

A wajen Mantis Lords na gane me ake nufi da wahala mai koyarwa. Wasu ƙoƙi-ƙoƙi ne uku 'yan'uwan juna, suna zaune kan kujerun sarauta, ba za su taɓa ka ba sai kai ka ce kana so. Ɗaya ta fara saukowa, in ka gama da ita sai biyun su sauko tare. Sau goma sha huɗu suna kashe ni, ina ƙirgawa a bayan kwalin shayi. Ɗan yayata mai shekara goma sha biyu yana zaune a bakin katifa yana cin gyaɗa, sai ya ce, "Kawu, kai fa gudu kake yi tun ba su motsa ba. Duba, in ta manne a bango jifa za ta yi, in ta bayyana a samanka faɗowa za ta yi, in a ƙasa ta tsaya to ta taho a guje." Na ce masa yaro man kaza, ya yi mini shiru. Amma na duba, haka ne. Kowane hari sai sun nuna shi tukuna. A karo na sha biyar hannuna ya daina rawa, na koma kamar mai bin kiɗa. Da na gama sai suka miƙe a kan kujerunsu suka rusuna mini. Daga ranar duk mayaƙan ƙauyensu sun daina kai mini hari, in na zo wucewa sai su sunkuyar da kai. Ko kalma ɗaya ba a rubuta ba. A duk mutuwar nan goma sha huɗu babu wadda zan ce an zalunce ni.

To amma akwai wata wahalar da ba ta koyar da komai, lokacinka kawai take ci, kuma Hollow Knight yana da ita da yawa. In ka mutu, benci na ƙarshe za ka farka, kuɗinka duka suna wajen inuwarka a inda ka faɗi, sai ka je ka kashe ta ka karɓa. In ka sake mutuwa kafin ka isa, sun tafi har abada. Masu wasa suna kwatanta wannan da Dark Souls na 2011. A can ban sani ba, amma a nan sau da yawa tsarin yana faɗa da abin da gem ɗin ya fi iyawa. Wasan da yake so ka yi yawo ka leƙa ko'ina, shi ne kuma yake ɗaure ka da igiya zuwa wurin da ya fi ƙarfinka, don ba za ka bar kuɗinka a can ba. Na tara Geo 1,600 ina neman 1,800 na fitilar da Sly, mai kanti a Dirtmouth, yake sayarwa, na faɗa ƙaya sau biyu a jere, shi ke nan. Kwana biyu ban kunna kwamfutar ba. Akwai wani boka a Dirtmouth da yake kira maka inuwar in ka ba shi ruɓaɓɓen ƙwai, amma ƙofarsa a kulle take da makulli, kuma ba wanda zai faɗa maka yana ciki.

Mafi muni shi ne nisan benci da wasu manyan dodanni. Soul Master ya ishe ni misali. Shi kansa faɗan mai kyau ne, har da yaudara, sai ka ga kamar ya mutu kana murna, ya dawo ya fasa daɓen da kake tsaye a kai. Amma duk faɗuwa sai ka sake hawa benaye, ka wuce waɗansu matsafa masu ɓacewa su bayyana a bayanka, ka isa da rai uku maimakon biyar. Minti biyu na tafiya don faɗan da zai ƙare a daƙiƙa arba'in. Na riga na haddace hanyar tun zuwa na uku, me ake gwadawa a zuwa na goma? Wanda yake da yini guda ba zai ji ba. Ni da nake tashi da asuba in kama trotro, motar haya, awa ɗayan nan rabinta a matakala ta ƙare. Ga kuma dumso, wato ɗauke-ɗauken wuta. Batirin kwamfutata ya mutu tuntuni, in aka ɗauke wuta sai ta mutu nan take, abin da na tara tun daga benci ya bi iska. Wannan ba laifin mutanen Adelaide ba ne, amma in kana zaune a inda wuta take wasa da hankali, ka riƙa zama a duk bencin da ka gani ko ba ka gaji ba.

Wata cuta kuwa dariya ta ba ni. A Fog Canyon akwai wata tsohuwa mai banki, Millibelle, mai daɗin baki. Na buɗe asusu, na zuba abin da nake tsoron ya salwanta. Na dawo wata rana, ba ita ba alamarta, ashe ginin bankin ma allo ne aka jingina. Shekarun baya wani mai karɓar susu, wato ajiyar kuɗi ta kullum, ya yi mana haka a layinmu, ya tattara na wata guda ya shiga duniya, don haka na san wannan tsayuwar da mutum yake yi yana kallon wurin da babu kowa. Bambancin kawai, ita Millibelle na same ta daga baya tana wanka a ruwan zafi a City of Tears, na yi ta dukanta kuɗina suna zubowa har da riba.

City of Tears ɗin nan shi ne wurin da ya fi ko'ina kyau. Birni ne a ƙarƙashin ƙasa amma ruwan sama ba ya tsayawa, sai can gaba za ka gano wani tafki ne a samansa yake yoyo ta cikin dutse. Akwai benci a gaban wata doguwar taga, wani matafiyi Quirrel yana zaune yana kallon ruwan, kiɗan Christopher Larkin yana tashi a hankali. Na zauna kusa da shi na ajiye hannun, na sha shayina har ya ƙare. Deepnest kuma kishiyarsa ne: duhu, ƙarar ƙafafun gizo-gizo a kunne, gawar da ka kashe ta miƙe da sababbin ƙafafu. Uwargida ta hana ni buga wannan wurin da lasifika.

Labarin daular sai a hankali. A warwatse yake a bakin ƙwari da jikin allunan dutse, da wani Turanci mai nauyi irin na da. Na fahimci akwai wata annoba, akwai sarkin da ya gudu, akwai masu barci uku da aka rufe ƙofa da su, sauran ɗan yayata ne yake fassara mini abin da ya ji a makaranta. A tsakiyar wasan kuma akwai kwanakin da za ka rasa inda aka dosa gaba ɗaya, ka yi ta zagaye wuraren da ka sani. Sun kuma ɓoye dabarar da ta fi kowace amfani, wato sara ƙasa kana sama don ka yi tsalle a kan ƙaya ko kan abokin gaba, ba su koya maka ba ko sau ɗaya. White Palace kuwa, fadar sarkin, da zartuna masu juyawa ta ko'ina, kamar daga wani gem aka yanko shi aka liƙa.

A kan dala 15 ban ga abin da zan yi ƙorafi ba. Ƙarin sassa huɗu da suka fitar daga baya duk kyauta ne suna ciki, kuma in ka sauke shi ba ya neman intanet. Amma babu zaɓin sauƙi, don haka wanda yake son abin da zai huta da shi bayan aiki ya tsaya a ƙwallonsa. Kuma kada ka fara da madannan kwamfuta, nemi hannu.

Na biyunsa, Silksong, ya fito a Satumban 2025, Hornet ce jarumar. Kwastoman nan ya sake zuwa da wata wayar yana tambaya ko na saya, na ce masa ni har yanzu ina hannun wasu dodanni, Watcher Knights, kwana shida ke nan suna birgima a kaina biyu-biyu. Jiya da na dawo daga masallaci na tarar da ɗan yayata da hannun a cinyarsa, ya ce, "Kawu, in kashe maka su?" Na karɓe abina na ce ya je ya yi aikin makaranta.