Leshin auduga ko na roba: wanne ya dace da adon gida irin na ƙauyen Ingila?

'Yar'uwa, kin ce kina so ki ƙawata falonki da leshi kamar ƙananan gidajen ƙauyen Ingila, kina tambaya ki sayi na auduga ko na roba, wato foliyesta.

Su can tagoginsu ƙanana ne, rana kuma ba ta cika fitowa ba, shi ya sa suke rataya labule mai huda-huda, haske ya shigo ba tare da mai wucewa ya ga ciki ba. Da, leshi saƙar hannu ne, sai mai hali. Na garin Honiton aka sa wa rigar auren Sarauniya Biktoriya a 1840. Injinan saƙa na birnin Nottingham, irin wanda John Leavers ya ƙera a 1813, su suka karya farashinsa har ya shiga gidan talaka.

Na auduga ya fi kama da na asali. Yana kwanciya luf a kan tebur, ba ya ƙyalli. In ya yi miki fari fat, ki jiƙa shi a ruwan shayi ba madara, zai ɗauki launin tsohon kaya, wanda shi ne kyan wannan ado. Na roba ko kwana ya yi a ciki da ƙyar zai ɗauka. Sai dai auduga tana tsukewa a wankin farko, tana son sitaci da guga, kuma ranarmu tana cinye zaren in ya daɗe a taga.

Na roba ya fi araha, ya fi jure rana, yana bushewa nan da nan. Ga mai fama da ƙurar hunturu wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma garwashin kaskon turare ya taɓa shi, ya narke ke nan.

Ni dai na roba zan sa a taga, ruwan madara marar ƙyalli, in bar na auduga wa tebur da bakin matashin kujera. Leshin biki mai duwatsu kuwa ki bar wa anko, ya yi nauyi da ado.

In mai shago ya rantse auduga ce, ki zaro zare ɗaya ki kyasta masa ashana. Auduga warin takarda take yi ta zama toka, roba kuwa dunƙulewa take ta yi tauri. Leshin taga kuwa ki haɗa shi da labule mai kauri, domin da dare in kin kunna fitila na waje yana ganin ciki sarai.