Zanen hannu ko na manhaja a aikin lissafi?

Malama, kin tambaya ko ki bar 'yan SS2 su riƙa haɗa zanen manhajar lissafi ta GeoGebra cikin bayanin aikinsu, ko ki tsaya kan takardar giraf da fensir. Ni ma a nan Jos nake koyar da lissafi, ga abin da na gani.

Zanen hannu yana tona asiri. Ki ba yaro y = x² − 4 ya zana. In a kansa −3 sau −3 ya ba da −9, ɗigonsa zai faɗa can ƙasa a −13 maimakon ya hau 5, gefe guda na zanen ya karkace. Kallo ɗaya za ki yi ki gane inda gizo ke saƙar. Manhaja ba za ta nuna miki wannan ba, don ita ta yi lissafin, yaron ɗauka kawai ya yi ya manna. Ga shi kuma a ɗakin jarrabawar WAEC da NECO ba a shiga da waya. Rula ce da kamfas, sai umarnin a ɗauki santimita 2 a matsayin 1. Wanda hannunsa bai saba ba, goge-goge zai yi ta yi har takardar ta huje.

Sai dai hannu akwai nawa. Darasin minti 40 da ƙyar yake isar zane biyu. GeoGebra kuwa, wadda Markus Hohenwarter ya fara a Ostiriya a 2001, kyauta ce, kuma zanenta motsi yake yi. Yaro ya mayar da 4 ɗin nan 1, ya mayar da shi 9, yana kallon inda zanen ke ratsa layin x yana tashi daga 2 zuwa 1, ya koma 3. Ko ya ja ɗigo a bakin rabin da'ira, ya ga kusurwar ta kafe a digiri 90 duk inda ya kai shi. Alli ba zai yi miki wannan ba. Matsalarta kin sani: waya ta iyaye ce, caji kuma sai an kawo wuta.

Ni hannu nake sa su fara da shi. Bayan nan a duba da manhaja, ko da waya ɗaya ce ga mutum biyar. Kowa ya ajiye zanen biyu gefe da gefe, ya rubuta layi biyu a ƙasa: a ina suka bambanta, me ya jawo. Layukan nan biyu nake fara karantawa kafin in ba da maki.