Wane Littafin Allolin Girkawa Ya Cancanci Kuɗinka?

Littattafan da ke ba da labarin allolin tsohuwar Girka iri biyu ne: akwai masu kawo almarar yadda Girkawa suka bar ta, akwai kuma waɗanda marubuci ke cusa tasa fahimtar har mai karatu ya kasa bambance hatsi da ƙaiƙayi. Ɗalibin adabi ko falsafa ya kamata ya san wanne ya ɗauka kafin ya biya.

Zaɓina shi ne The Library of Greek Mythology, wanda ake danganta wa Apollodorus, a fassarar Robin Hard da kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya fitar a 1997. An tattara shi a ƙarni na 1 ko na 2 miladiyya, kuma mai tattarawar bai damu da ƙawata magana ba. Yana farawa da auren Sama da Ƙasa, ya zo kan ɗansu Kronos da ke haɗiye 'ya'yansa saboda tsoron a ƙwace masa mulki, da yadda aka ɓoye ɗansa Ziyus, wanda ya zama shugaban allolin, a wani kogo a tsibirin Kirit aka miƙa wa uban dutse naɗe da tsumma, sannan ya bi gidajen jarumai zuriya bayan zuriya. Abin da ya fi burge ni shi ne idan ruwayoyi suka saɓa, yakan kawo su duka, ya ce wasu sun ce kaza, kamar yadda maroƙi ke jero asalin sarauta. Ƙarshen littafin ya ɓata tun da daɗewa, sai taƙaitawa ta rage, amma jadawalin nasaba da bayanan mai fassara sun cike giɓi sosai.

Theogony na mawaƙin Girka Hesiod, waƙa mai layi dubu da 'yan kai daga wajen shekara ta 700 kafin miladiyya, abokin tafiyar littafin Apollodorus ne. Mythology na Edith Hamilton, na 1942, yana da daɗin karatu ga mai farawa. Na Thomas Bulfinch, na 1855, yana kiran Ziyus da sunan Rumawa, Jufita, ya kuma tace labaran domin kunya. Ban ga dalilin sayensa ba. The Greek Myths na Robert Graves, na 1955, ya iya labari, sai dai masana ba su amince da sharhinsa da ke mayar da kusan komai ga bautar wata uwar alloli ba.

Fassara almara tsohuwar sana'a ce. Marubucin Girka Euhemerus, wajen shekara ta 300 kafin miladiyya, ya ce allolin sarakuna ne da aka girmama bayan mutuwarsu. Masanin harsuna Max Müller ya ga rana da alfijir a cikinsu. Masanin halayyar mutane Freud ya ga sirrin zuciyar ɗan Adam a labarin Oedipus, wanda ya kashe ubansa ya auri uwarsa cikin rashin sani. Littafin kirki zai ware ra'ayin daga ruwayar.

Jabun bugu shi ne babbar masifa. Na taɓa sayen kwafi daga wani mai sayarwa a intanet, bango kyakkyawa, amma da na buɗe sai na tarar jadawalin nasabar ya dusashe kamar an jiƙa shi, lambobin bayani suna nan cikin rubutu alhali an cire bayanan kansu daga baya, shafi goma sha shida kuma sun maimaitu. Wasu suna kwaso tsohuwar fassarar da haƙƙin mallakarta ya ƙare su liƙa mata sabon bango ba tare da sunan mai fassara ba, wasu kuma sai tarin rubutun inji marar marubuci. Ka nemi mai sayarwa ya turo maka hoton shafin da ke ɗauke da sunan mai fassara da shekarar bugu, da hoton jadawalin nasaba, da na fihirisar sunaye da ke ƙarshe. Idan ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.